Ƙugiyar Kan Kati

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba" kamar na gudu da kayanku, na ji, ga shi nan. Wanda kuma yau ya faɗo mana, matso kusa in gaya maka inda muke.

Ran Juma'ar nan gasar kacici-kacici ta talabijin, Danna Ka Amsa, za ta cika shekara talatin. An ɗora wa Ƙugiya aikin tono tarihin dokokin gasar: wace doka aka sa, yaushe, kuma wa ya jawo ta. Ƙugiya ce ke rubuta abin da ke fitowa a ƙasan allo, abokan aiki suka laƙaba mata sunan don ko kanta na sarawa ba ta barin ƙ ko ɗ ko ɓ ya fita ba ƙugiyarsa. Shekara uku tana aiki a gidan talabijin ɗin, ba ta taɓa gaya wa kowa 'yar wa ce ita ba. Abbanta ne mutumin nan da aka tambaya a zagayen ƙarshe, shekara ashirin da shida da suka wuce, "Jikin baligi yana ɗauke da guda ɗari biyu da shida na me?" ya danna ƙararrawa, ya buɗe baki gaban duniya ya ce "kashi" a maimakon "ƙashi". Aka ce leƙa amsa ya yi, tunda tafiretar gidan ba ta da ƙ. Aka hana shi kofi, ya bar koyarwa ya koma gyaran agogo, sunan Malam Kashi ya bi shi har yau. Yanzu kuma Darakta ya dage sai an sake haska wurin ran Juma'a don a yi dariya, ga Abba da ciwon zuciya. To, mu je.

Laraba da safe Ƙugiya na durƙushe a ɗakin ajiyar kaset, ta ɗaure hanci da gefen gyale, tana atishawa tana zagin duk wanda ya jera akwatunan nan ba lamba. Littafin dokoki na buɗe a kan kujera kusa da ita. Ƙaton littafi ne mai baƙin bango, kowane shafi doka a sama, dalilinta a ƙasa.

Ta karanta shi har ta haddace. Da farko hannu ake ɗagawa, sai da wasu malamai biyu suka shaƙe wuyan juna kan wa ya riga wa, aka kawo ƙararrawar keke aka ɗaure wa kowa a teburinsa. Doka ta huɗu ta rage lokacin tunani daga daƙiƙa talatin zuwa goma, saboda wani dattijo da ya cinye nasa wajen gaida matarsa da surukansa da mai aski. Doka ta shida ta mayar da 'yan kallo bayan gilashi, don wata ta ƙwala wa mijinta amsa daga kujerar gaba, amsar ma ba daidai ba. Duk waɗannan da dalilinsu a rubuce, har da rana da wata.

Amma doka ta tara? "A ƙone takardar kabon da kwafin da ke ƙarƙashinta a gaban alƙalin gasa, ranar da aka buga tambayoyi." Ta goma na manne da ita: "Miji ko mata ko ɗan ma'aikaci ba ya shiga gasa." Rana ɗaya aka sa su, kwana uku bayan abin da ya samu Abba. Ƙasan shafin kuwa, inda dalili ya kamata ya zauna, wani ya bi da reza ya yanke shi tas. Ba yaga ba ce ta tsufa, yanka ne na mai natsuwa.

"Wa ya yanke ka?" ta tambayi littafin. "Me aka ɓoye?"

A akwati na goma sha ɗaya ta same su. Katunan tambayoyin ranar, an ɗaure su da roba, robar ta narke ta manne. Ta dinga ɓamɓarowa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai na arba'in.

Ga tambayar nan. Ga amsa a ƙasa.

Ta kai katin dab da ido, ta janye, ta matsa bakin taga. Tafireta ta buga k, amma a samansa an ja ƙugiya da shuɗin biro, kyakkyawa, ta lanƙwasa baya ta ƙare da ɗan ɗigo. Ƙashi. Katin ƙashi ya ce!

"Allahu Akbar!"

Zama ta yi daɓas a ƙasa, hawaye na wanke mata ƙurar fuska. In da katin Abba ya leƙa, ai ƙashi zai gani. Ashe gaskiyar Umma ce da take cewa harshensa ne kawai ya zame, sharri aka yi masa. Ta tuna 'yan ajinsu na toshe hanci in ta wuce, ta tuna Abba bai taɓa sake furta kalmar ba, ko a wurin cin nama sai dai ya nuna da yatsa. Ta ɗauki hoton katin a waya, ta miƙe, ko gyalen ba ta kakkaɓe ba ta yi sama.

*

Tun daga matattakala take jin dariyar Darakta. Ta yi sallama ta shiga, ta tarar da shi shi kaɗai gaban allo, yana mayar da wurin baya yana sake saki. Ga Abba nan da ƙuruciyarsa, da farar riga, yatsansa kan ƙararrawa.

"Kashi!"

Darakta ya doki tebur. "Wayyo cikina! Ƙugiya, zo ki ji. Sau uku za mu sake shi, na ukun a hankali."

"Yallaɓai, ba za a haska wannan ba."

Ya juyo da kujerarsa, ya dube ta ta saman gilashi.

"Na'am?"

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai. Zalunci aka yi wa bawan Allahn nan. Ga katin ranar, ka duba da idonka."

Ta shirya wa tsawa. Ta shirya wa "fita min daga ofis". Abin da ba ta shirya wa ba shi ne natsuwar da ya yi. Ya karɓi katin da yatsu biyu, ya juya bayansa, ya juyo gabansa, ya ɗaga shi sama wajen fitila. Sai wani murmushi ya fara tsattsafo masa a gefen baki.

"A ina kika samo?"

"Akwati na sha ɗaya."

"Na sha ɗaya... Na sa an birkice ɗakin nan sau biyu ba a gani ba. Ke kam akwai hannu."

Sau biyu? Me yake nema da katin da har zai sa a birkice ɗaki? Ta haɗiye tambayar.

"Ka ga akwai ƙugiya, Yallaɓai. Ke nan ba katin ya gani ba."

"Ƙwarai kuwa. Ba katin ya gani ba." Ya maimaita a hankali, kamar mai tsotsar alewa. "Kin san a lokacin ni ne mataimakin alƙalin gasa? Ni na rubuta rahoto."

"Na gani a littafi."

"To kin kyauta min. Za mu haska katin nan ran Juma'a, ya cika allo."

"Da gaske, Yallaɓai?"

"Me zai hana? Har ma mu ƙara armashi. Wadda ta buga katin, mai tafiretarmu ta wancan lokacin, za mu nemo ta ta zauna gaban kamara ta yi bayani da bakinta. Yau zan sa a fito min da fayil ɗin tsoffin ma'aikata."

Ya jawo aljihun tebur, ya jefa katin, ya murɗa makulli, ya zura makullin a aljihun rigarsa.

"Yallaɓai, da na riƙe shi, don in..."

"Kayan gidan nan ne. Jeki ki ƙarasa min jerin dokokin."

Ta juya za ta fita. Mutumin da ko hutun rabin rana sai ka yi masa bayani sau biyar, yau ya amince da magana ɗaya tak? Ta kama hannun ƙofa ke nan ta ji muryarsa a bayanta.

"Ƙugiya."

"Na'am, Yallaɓai."

"Ki gaida min da Malam. Ya jikin nasa?"

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. Ya sani. Tun yaushe? Tun ranar da ya ɗauke ta aiki, ko tun ranar da ya zaɓe ta, ita kaɗai cikin mutum goma sha biyu, ya ce ta shiga ɗakin kaset? Murnar ɗazu duk ta zirare. Mutum ɗaya ne ya rage da zai iya gaya mata abin da aka yanke a shafin nan.

*

Baba Ƙararrawa shi ya gabatar da gasar shekara goma sha takwas kafin ya yi ritaya. Ta same shi bayan azahar a farfajiyar gidansa, yana zuba wa tantabarunsa ruwa. Ya tsufa, ya rame, amma muryar na nan daram, irin wadda in ta ce "lokaci ya cika" sai ka ajiye cokali.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce daga gidan talabijin take, kan maganar tarihin dokoki.

"Madalla, madalla! Zauna, 'yar nan. Kin san ƙararrawarmu ta farko daga keken masinja muka kwance ta? Sati biyu yana yawo yana yi wa mutane 'firrr' da baki."

"Na karanta, Baba."

"To kin san dalilin da ya sa amsar farko ce amsa? Wani ne ya ba mu amsa huɗu a numfashi ɗaya, ya ce mu zaɓi wadda ta yi mana."

"Doka ta biyar. Na sani, Baba. Ta tara nake tambaya."

Butar hannunsa ta tsaya cak, ruwa na ta zuba har kaskon ya cika ya tumbatsa.

"Ta tara... Ai tsufa ya ci kaina. Wace ce ma ta tara? Ta hana shiga da hula?"

"Ta ƙone kabon."

"Oho. Tsafta ce kawai. Takardu sun yi yawa a ofis."

"Tsafta ce ta sa aka yanke dalilinta da reza?"

Ya ajiye butar. Ya zauna a kan benci yana kallonta, kallon da ya fi na baƙuwa tsawo.

"Wa ya turo ki? Wancan mai gilashin?"

"Ba wanda ya turo ni, Baba. Ni 'yar Malam ce. Wanda kuka hana kofi."

Bai yi mamaki ba, wannan ya fi komai ba ta tsoro. Kai kawai ya gyaɗa.

"Goshinsa ne da ke. Ya yake?"

"Yana nan yadda kuka bar shi." Ta ciro waya ta miƙa masa. "Duba nan, Baba. Katin ranar ne. Akwai ƙugiya. Kai ka riƙe shi a hannunka, kai ka karanta, ka san akwai ƙugiya, amma ka yi shiru aka ce ubana ɓarawon amsa ne. Shekara ashirin da shida! Me ya yi maka?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Ina katin yake yanzu?"

"Yana wurin Darakta."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Da hannunki kika ba shi?"

"Ya ce zai haska shi ran Juma'a, a wanke Abba."

"A wanke shi? Kai, yarinya, kin yi aika-aika. Ni na cusa katunan nan a akwatin da ba nasu ba, don kada mutumin nan ya gan su."

Ta tsare shi da ido.

"Ke nan shafin ma kai ka yanke."

"Ni na yanke. Da rezar gemuna."

"Don me?"

Ya nuna mata gefen bencin. Ta ƙi zama.

"To tsaya a tsaye ki ji. Ku 'yan yanzu ba ku san tafireta ba. Takarda uku ake sa mata: kati a sama, kabon a tsakiya, farar takarda a ƙasa. In an buga, abin da ya hau kati shi ke hawa ta ƙasan. Injin ba ya da ƙ, ba ya da ɗ, ba ya da ɓ. Sai an gama an zare katin, mai bugu ta ɗauki biro ta bi tana sa ƙugiyoyi, don kada in yi abin kunya a gaban kamara. Kin gane?"

"Na gane."

"Ba ki gane ba. A kan kati take sa ƙugiya. Kwafin ƙasa fa? Wa zai ɓata biro a kansa?"

Wata tantabara ta sauka kusa da ƙafarta, ba ta ma gan ta ba.

"Katina ya ce ƙashi," in ji shi. "Kwafin ya ce kashi. Ubanki malamin ilimin halittu ne, ko daga barci aka tashe shi ba zai kira ƙashi da wancan sunan ba. Amma ban kai ƙarshen tambayar ba ya danna. Wanda ya ciro amsa daga kansa, abin da ya sani yake faɗa. Wanda ya haddace jerin amsoshi daga takarda, ga fitilu, ga firgici, abin da idonsa ya gani shi bakinsa ke saki."

"Harshensa ne ya zame!"

"Haka na so in yarda. Sai na koma na duba amsarsa ta bakwai. 'Barauniya' ya ce, ba ɓarauniya ba, amma tafi ya rufe, ba wanda ya kula sai ni."

Ta zauna a bencin da ta ƙi ɗazu.

"Katin nan da kike murna da shi," ya ci gaba, "bai wanke ubanki ba. Nuna wa duniya zai yi cewa kwafi ne ya fita. Kwafi kuwa hannun mutum ɗaya yake tsayawa."

"Mai tafireta."

"Mai tafireta. Wancan mai gilashin ya zarge ta tun ranar, ya rasa hujja. Ta ajiye aiki a satin ta ce ba ta da lafiya, ni kuma na nemi a sa dokokin nan biyu, na rufe maganar. Yau kin kai masa hujjar har ofis."

Wani zafi ya taso mata. Ashe akwai wata. Wata ce ta miƙa wa Abba takarda ta jefa shi a rami, ta tsere ta bar shi da suna, ta bar Umma da rainon miji mai ciwo.

"Wace ce ita? Gaya min sunanta, Baba. Wallahi ko a ina take sai na nemo ta kafin Darakta."

Ta fizgo littafin rubutunta daga jaka, ta buɗe, ta cire murfin biro da haƙori. Baba Ƙararrawa ya sunkuyo. Idonsa na kan shafin da ta buɗe, inda ta jera dokokin da hannunta.

"Miƙo in gani."

Ya karɓa. Ya ɗora wayar a gefen littafin, hoton katin na haske. Ya sa yatsa kan "ƙone" da ta rubuta a doka ta tara, ya matsar da shi kan "ƙashi" na katin.

"Wa ya koya miki jan ƙugiya haka? Ta lanƙwasa baya, ta ƙare da ɗigo?"

"Kowa ma ai haka..."

"Shekara goma sha takwas ina karanta rubutun mutane. Mutum ɗaya na sani mai wannan ɗigon. Yau na ga ta biyu."

Ta dubi katin. Ta dubi littafinta. Shi ya sa da safe ƙugiyar ta yi mata kyau, ashe tata ta gani.

"Sake karanta doka ta goma, 'yar nan," ya ce a hankali. "Wata rana na tashi aiki, na ga wani mutum a lungun bayan gidan talabijin yana jiran mai tafiretarmu, da jaririya saɓe a kafaɗarsa. Ban gane shi ba sai da ya tsaya gabana a gasa. Ke ce jaririyar."

*

La'asar ta yi lokacin da ta tura ƙofar gida. Daga ɗan ɗakin gaba, inda Abba ke aikinsa bayan labule, agogunansa na ta ƙas-ƙas-ƙas, kowanne da nasa lokacin. Umma na zaune a tsakar gida tana jiran ruwan shayin Abba ya tafasa, faranti a cinyarta, yatsunta goma na bugun bayansa da sauri.

Tun tana ƙarama take ganin wannan bugun. In Umma na tunani, haka take yi. Yau ne kawai ta lura da yadda ƙaramin yatsan dama ke zabura gefe a ƙarshen kowane layi, kamar na mai buga tafireta.

"Kin dawo da wuri. Lafiya? Dubi gyalenki, kamar wadda ta yi dambe da buhun siminti."

Ƙugiya ta durƙusa gabanta, ta rage murya.

"Umma, kafin ki haife ni, wane aiki kike yi?"

Yatsun suka tsaya.

"Wane irin aiki kuma? Aikin gida."

"Bayan kin haife ni fa?"

"Ke, tambayar me kike min kamar 'yar sanda? Tashi ki wanke fuskarki."

"Me ya sa kika yi kwana uku ba ki min magana da na samu aiki a gidan talabijin?"

"Don mutanen banza ne, sun cuci ubanki."

"Ko don kada in shiga ɗakin kaset?"

Umma ta waiga wajen labulen, ta dawo da idonta.

"Rage muryarki."

Ƙugiya ta ɗora mata wayar a kan farantin. Umma ta kalli hoton sau ɗaya ta kawar da kai, kamar an nuna mata gawa.

"Ban san wannan ba."

"Ke kika riƙe hannuna kika koya min ɗigon nan, Umma. Kika ce ƙugiyar da ba ɗigo ba ta gama ado ba."

Ruwan shayin ya tafasa yana ambaliya kan wuta, ba wadda ta motsa.

"Wa ya gaya miki?"

"Baba Ƙararrawa."

"Allah sarki. Ya riƙe amana har ya gaji."

"Ke nan gaskiya ne." Ƙugiya ta dube ta. "Kina kallo ana toshe min hanci a makaranta, in dawo ina kuka, ki share min hawaye ki ce sharri aka yi mana. Kina kallo na ɗauki gaba da mutanen da ba su yi mana komai ba. Umma, ni fa na shiga gidan nan ne don in wanke Abba!"

"Na ce ki rage murya! So kike ki kashe shi?"

"Ni ce zan kashe shi? Katin yana hannun Darakta. Ni na kai masa, da wautata. Yau zai buɗe fayil ya ga hotonki, jibi ya sa ki a allo, ya sa Abba, ya sa ni. A da mutum ɗaya ake yi wa dariya, yanzu mu uku ne."

Umma ta dafe ƙirji.

"Abu ɗaya nake so ki gaya min," in ji Ƙugiya, hawaye na ɗiga kan farantin. "Ke kika ba shi takardar?"

Umma ta sake kallon labulen. Sannan ta gyara zama, ta miƙe wuya, ta dubi 'yarta ido cikin ido.

"Ni na ba shi. Ni na ɗauko ta daga ofis, na matsa masa sai ya karanta, yana ƙi ina kuka. Shi ba ruwansa. In sun zo, haka zan faɗa gaban kamararsu, ke ma haka za ki faɗa. Ubanki mutumin kirki ne, ni ce na..."

Zoben labule ya yi ƙara.

Suka juya tare. Abba na tsaye a bakin ƙofa, madubin gyaran agogo na lilo a wuyansa, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan a kan ƙirjinsa. Mutumin da sai a wuni bai haɗa kalma goma ba. Ba su san tun yaushe yake tsaye ba.

"Malam, koma ciki," Umma ta zabura, farantin ya faɗi. "Hira muke, koma ka zauna."

Bai kalle ta ba. 'Yarsa yake kallo.

"Ƙarya take yi, Uwata."

Ƙ ɗin ta fito tas, da ƙugiyarta.

"Tsoffin takardun ofis take kawowa tana hura wuta da su, ba ta ko duba abin da ke jiki. Ni na gani a bakin murhu. Ni na ɗauka, tana bayi tana miki wanka." Ya ja numfashi da ƙyar, yatsunsa suka damƙe gaban rigarsa. "Kira min Daraktan naki. Yanzu."